Zamiyar ƙanƙara a Maroko da ƙaramin guzuri

Duk shekara mutanenmu suna zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, wasu don ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wasu karatu, wasu fatauci. Akasarinsu sukan dawo ba tare da sanin cewa tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce tsakaninsu da dusar ƙanƙara ba, abin da muka ɗauka sai a Turai ake gani. A wannan makon zan ajiye siyasa gefe, in yi magana kan yadda ɗalibi ko maziyarci mai ƙaramin guzuri zai hau duwatsun Atlas ya gwada wasan zamiya, da kuma inda ya kamata ya tsuke bakin aljihu da inda bai kamata ba.

Wurare biyu ne a gaban matafiyi. Daga Fas akwai garin Ifran, kimanin kilomita 65, wanda Faransawa suka gina a 1929 don gudun zafi. A nan aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, a watan Fabrairun 1935. Gaba kaɗan da garin akwai filin zamiya na Mishlifan, a cikin bakin wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Ƙarami ne, ya dace da ɗan koyo. Wanda kuwa ya sauka Marrakish, nasa shi ne Ukaimedan, kimanin kilomita 75 daga birnin. Gindin filin yana kan tsayin mita 2,600, wato ya ɗara ƙololuwar Chappal Waddi ta Jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. Duk wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi zai ji numfashinsa yana yi masa gardama a awannin farko, don haka kada ya yi gaggawa.

Abin da ke cinye kuɗi a irin wannan tafiya shi ne kwana a kan dutse. Masaukan can kaɗan ne, kuma lokacin cinikinsu gajere ne, saboda haka cikin 'yan makonni suke neman ribar shekara. Shawarata ita ce mutum ya kwana a birni, ya yi sammako, ya dawo kafin magariba. Babbar tasi ta Maroko mutum shida take ɗauka, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, kamar dai motar Kano zuwa Zariya. Idan kun kai ku shida, ku yi shatarta gaba ɗaya, ku yi ciniki na zuwa da dawowa har da jira tun kafin direba ya tayar da mota. A guji Asabar da Lahadi, domin ran nan mutanen birni ke yin dafifi, hanya ta cushe, farashi ya tashi.

Tufafi ma ba sai an sayi sababbi ba. Rigunan sanyi na gwanjo guda biyu ko uku, ɗaya bisa ɗaya, sun fi jibgegiyar riga ɗaya amfani. Safar hannu da safar ƙafa mai kauri da baƙin tabarau wajibi ne, domin hasken rana da ke dawowa daga farar ƙanƙara yana iya ƙona ido. Takalmi da allunan zamiya hayarsu ake yi a can. Ɗan koyo ba ya bukatar tikitin na'urar da ke ɗaukar mutane zuwa ƙololuwa. Gangaren ƙasa ya ishe shi faɗuwa. A kuma yi alwala tun daga masauki, don ruwan can ba na wasa ba ne.

Inda nake ganin rowa ba ta da amfani wuri biyu ne. Na farko inshora: galibin inshorar tafiya ba ta ɗaukar raunin da aka samu a wasan ƙanƙara sai an ƙara mata sharaɗi, kuma karaya a ƙasar da ba taka ba tana iya cinye kuɗin makarantar shekara. Na biyu ya fi damuna. Masu ba da hayar kaya, da masu koyarwa, da masu alfadarai da ke ɗaukar mutane zuwa saman gangare a Ukaimedan, mutanen ƙauyukan Amazig ne na lardin Alhauz, lardin da girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda kusan mutum 3,000 suka rasu a faɗin ƙasar. Mu 'yan kasuwa ne, ciniki a jininmu yake, to amma a yi ragin a kan mai otal da kamfanin yawon buɗe ido. Matse mai alfadari a kan 'yan dirhami ba dabara ba ce, kuma awa ɗaya a hannun mai koyarwa ta fi kwana uku ana birgima.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce mai wuyar. A al'ada daga Janairu zuwa Maris ake samun ƙanƙara, amma shekarun fari da suka biyo juna sun sa ba a iya yi mata alkawari. Farin ya kai ga Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi 'yan ƙasar a watan Fabrairun 2025 da su haƙura da layya a shekarar, saboda dabbobi sun ragu ƙwarai. Ƙanƙarar da baƙo ke zamiya a kanta ita ce ke narkewa ta ciyar da kogin Sabu da ke wucewa kusa da Fas, da gonakin da ke kewaye da Marrakish. Saboda haka kada kowa ya biya kuɗin komai tun daga gida. A isa birni tukuna, a tambayi direbobin tasha ko ta sauka a makon, domin su ne ke hawa kullum. Idan an tarar dutsen Mishlifan tsirara yake, dajin itatuwan al'ul da ke tsakanin Ifran da Azru yana nan kusa, da birransa masu kaurin gashi da ke fitowa bakin hanya, kuma shiga cikinsa kyauta ne.