Babbar Caja Da Ƙaramin Iyafis

Zuwa ga 'yan'uwana masu karatu. A wannan mako ina so in sa baki cikin wata gardama wadda ta yawaita tsakanin samari da ma'aikatan ofis, watau ko ya kamata mutum ya sa iyafis ɗin nan marar igiya, mai aiki da Bluetooth, a jikin babbar cajar wayarsa mai saurin cikawa. Waɗansu sun ce ƙarfinta zai ƙone shi, waɗansu kuwa sun ce ba kome. Maganar ba ta wasa ba ce, gama da kuɗi ake sayen abin, cikin kunne kuma ake sa shi.

Masu tsoro suna da hujja. Batirin wayar zamani yakan kai 4,000 zuwa 5,000 a awon da ake rubutawa mAh, amma na kowane kunne ɗaya na iyafis yawanci bai kai 100 ba, na ɗan akwatinsa kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Wanda ya ga an rubuta wat 45 ko 65 a jikin caja, lalle ya yi zaton za ta fi ƙarfin wannan ɗan abu.

To, ga yadda abin yake. Mu akawuna mun sani ko da asusu cike yake da kuɗi, ma'aji ba ya biyan kowa sai abin da aka rubuta a takardar biya. Haka caja ta ƙwarai take. Lambar da ke jikinta iyakar abin da za ta iya bayarwa ce, ba abin da take ɗura wa kowa tilas ba. Da an haɗa ta da wani abu, da bolt 5 take farawa, wanda shi ne awon USB tun asali. Ba ta hawa zuwa 9, ko 15, ko 20, sai abin da aka haɗa ya nema ta cikin igiya, bisa ga ƙa'ida irin ta USB Power Delivery wadda aka fara fitarwa a 2012. Ƙaramin iyafis ba ya neman ƙari, saboda haka yakan zauna a kan 5, ya ja ɗan abin da ya ishe shi. Ba zai ƙone ba, ba kuwa zai cika da sauri fiye da yadda aka ƙera shi ba.

Wannan sani ya ƙara zama wajibi tun ran 28 ga Disamba 2024, sa'ad da dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta tilasta wa sababbin wayoyi da iyafis da ake sayarwa can su zo da baki iri ɗaya, watau USB-C. Da yake masu ƙira duniya suke ƙera wa, caja ɗaya yanzu tana shiga kusan kome. Amma fa akwai iyafis na araha waɗanda ba a sa musu ɗan abin da ke sanar da caja zuwansu ba. Irin waɗannan in an haɗa su da igiya mai bakin C gaba da baya, shiru za ka ji. Kada ka yar, a nemi igiya mai faffaɗan baki irin na dā a gefe guda, sai ya kama.

Ina haɗarin yake ke nan? Wuri biyu. Na fari, caja jabu, wadda aka kwaikwayi suna da fenti aka bar kayan tsaro na ciki. Ita ba ta riƙe awo daidai, balle in wuta ta yi wasa. Araha ba ta ado. A sayi ta kirki, a kuma zare ta daga bango kafin a tayar da janareta. A duba takardar da ta zo da iyafis, in masu shi sun rubuta 5V 1A kaɗai, bin maganarsu ya fi.

Na biyu, zafi. Batirin litiyam ba a so a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haye 40 ko a inuwa. Wanda ya bar akwatin yana caji a gaban gilashin mota, ko bakin taga, ko ƙarƙashin matashi, shi ne ya rage masa kwana, ba caja ba. A goge gumi kafin a mayar da su gidansu. In an ga akwatin ya kumbura, ko ya yi zafin da hannu ba ya jimrewa, a daina aiki da shi nan take, kada a kai shi kunne.

Saboda haka, jama'a, ku bar tsoron girman caja, ku ji tsoron jabunta da zafin rana. Rigakafi ya fi magani. Haza wasalam, sai mako mai zuwa.

Naku,
Akawu