Daga kaset zuwa bokal: abin da wayar salula ta ba mu da abin da take karɓa

Jama'a masu saurarenmu na gida, da ku ƴan uwa da ke bida a Abijan, Legas, Kumasi, Tamanrasat da Sabha, wannan mako mun dubi abin da ke aljihun kusan kowane magidanci, wato wayar salula. Dalili kuwa, abubuwa biyu sun faru a ƙasarmu. A watan Yunin 2024 hukumomi sun maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin Starlink ya fara sayar da intanet ta tauraron ɗan adam a Nijar. Kafin mu auna abin da waɗannan biyu za su canza a ƙauyukanmu, bari mu waiwayi inda aka fito.

Yadda ta iso mana

A shekarar 1973 wani injiniyan kamfanin Motorola, Martin Cooper, ya buga kiran farko da wayar hannu a birnin New York na Amurka. Wayar ta fi kilo guda nauyi. Da ta shiga kasuwa bayan kimanin shekara goma, kuɗinta ya kusa dalar Amurka 4,000, ka ga ba ta talaka ba ce. Saƙon rubutu na farko an aika shi a Ingila a 1992.

A wancan lokaci, mu nan wasiƙa muke yi. Tsohuwa ta zauna gaban mushen lakwal ta faɗa yana rubutawa, sirrin gida duk a kunnensa. Wanda bai son haka ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direban da zai tafi Abijan, amsa ta dawo bayan wata guda. A 2001 Celtel ta kafa eriyoyinta a Nijar. Ita ce ta zama Zain, ta koma Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008, yau ita ce Zamani, ga kuma Moov da Niger Telecoms.

Ƙaramar waya mai maɓalli, irin Nokia 1100 mai tocila da ta fito a 2003, ita ta fara taɓa kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Abin ba wuyar fahimta. Ɗan kasuwar da a da sai ya biya mota daga Tasawa zuwa Maraɗi kafin ya san kuɗin buhu, yanzu da kira guda yake ji, ya kai kayansa inda ake nemansu.

Ranar da waya ta koyi ɗaukar murya

Wayar shafa ta samu gindin zama ne da fitowar iPhone a 2007 da Android a 2008. Wannan kwamfuta ce ƙarama, mai kamara da intanet, kira ɗaya ne kawai daga cikin aikinta. Sai dai an ƙera ta don masu kuɗi da masu karatu, mafi yawan manyanmu na karkara kuwa ba su yi boko ba.

Abu biyu suka buɗe mana ƙofa. Na farko, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi wayoyi masu araha don Afirka: layi biyu, batir mai daɗewa, kamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata. Na biyu, a 2013 WhatsApp ta saka saƙon murya, wanda muke ce wa bokal. Kaset ɗin jiya ne ya dawo, sai dai yanzu a minti guda yake isa. Inna ta danna ta yi magana da Hausarta, ɗanta a Libiya ya ji, babu mushe a tsakani. Suna, biki, rasuwa, kuɗin taki, duk a gurup ake sanarwa. Kuɗin ƴan bida ma ba sa jiran direba, ana turo su ta Nita ko Amana, a karɓa a ranar.

Abin da take ci

To amma fa waya baki gare ta. A garin da babu lantarki, sai ka biya dala goma ko ashirin wurin mai sola kafin ta yi caji. Ga kiredi, ga forfe na intanet da bidiyo biyu uku ke lashewa. A gidaje da yawa waya guda ce, tana hannun maigida, uwargida sai ta ara. Ke nan saƙon da ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa, wani ne ke fara ji.

Kuma igiyar ba a hannunmu take ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021 an katse intanet na salula kusan kwana goma. A Satumbar wannan shekara Najeriya ta rufe rezo a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda ƴan bindiga, masu dangi da masu ciniki a can sun ji a jikinsu. A Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta, caji kansa ya zama aiki.

Starlink na iya kai intanet inda babu eriya, wannan gaskiya ne. Amma farantinsa na da tsada, kuma shi ma wuta yake so. A ganinmu, a ƙauye zai zama kamar injin niƙa: mutum guda ya saya, sauran su biya su sha. Tambayar da ya kamata magadan gari da hakimai su yi ita ce, likita da lakwal za su samu, ko sai mai shago kaɗai?

Kafin ka tura

Dokar laifukan intanet ta 2019 ce. A 2022 an cire ɗauri kan ƙazafi da zagi, a 2024 aka maido da shi: shekara ɗaya zuwa uku, sannan biyu zuwa biyar ga wanda ya yaɗa abin da ka iya tada zaune tsaye. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun ce za a iya amfani da ita a rufe bakin masu suka. Ko mene ne ra'ayinka, ka sani yaɗawa ma laifi ne a dokar. "Ni ma turo mini aka yi" ba lalle ta fisshe ka ba.

Ga kuma sabon abu. Mun yarda da bokal ne saboda mun san muryar namu. Yau akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, su kuma haɗa hoton abin da bai faru ba. Macutan da suka saba cewa "kuɗi sun shigo layinka bisa kuskure" sun samu sabon makami.

Saboda haka, in bokal ya zo da muryar ɗanka yana neman kuɗi da gaggawa daga baƙuwar lamba, kira tsohuwar lambarsa, ko ka tambaye shi abin da ƴan gida kaɗai suka sani. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa da lambar sirrin asusunka, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Labarin hari ko na annoba, in ba ka san wanda ya fara faɗinsa ba, tsaya ka tambayi maigari ko ka jira labarai. Ku kuma ƴan bida, in za ku aiko da waya gida, ku aiko wa Inna tata, ku sa ƙanenku ya zauna ya koya mata.

Mene ne waya ta gyara a garinku, mene ne ta ɓata? Ku turo mana muryoyinku, za mu saka su a shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.