Ga Gulbi Kusa, Ga Gona Da Ƙishi

Duk wanda ya tashi daga Runjin Sambo ya gangara Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Ga gulbin Rima kwance, ga fadama kore shar da albasa da tattasai da shinkafa. Amma in ka haura tudu kaɗan sai gonakin gero, waɗanda ke kwana wajen wata takwas ba ɗigon ruwa. Mai gonar nan, abincin shekararsa duk yana rataye ga damina ta wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba.

To, daminar ma yanzu ba ta da alkawari. Ruwa ya sauka, mutum ya yi shuka, sai sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone. In ya ranto iri ya sake, sai ruwan wata guda ya zubo cikin kwana biyu. Masana na ce da wannan sauyin yanayi. Dattawanmu kuwa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba.

Kada wani ya ce Gwamnati ba ta san maganin ba. Tun 1973 aka kafa hukumar raya kwarin gulbin Sakkwato da Rima. A 1978 aka gama madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina. Me talaka ya samu? An karɓe gonaki, biyan diyya ya zama jeka-ka-dawo, da manoma suka tare hanya suna neman hakkinsu sai aka turo musu 'yan sanda da bindiga cikin Afrilu 1980, aka rasa rayuka. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma suka ga cikar gulbi ta ragu, shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma wannan tabo ba ya gogewa.

Sai madatsar Goronyo, wadda aka gama 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Cikin Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki, ta yanke hanyar Jami'a. A ranin 2018 kuwa ruwanta ya janye har bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, birnin Sakkwato kansa ya shiga fargabar ruwan sha. Wata shekara ta nutsar da mu, wata shekara ta bar mu da ƙishi. Wannan riƙo ne?

Abin da ya taimaki ƙaramin manomi da gaske ba mai tsada ba ne: rijiyar fadama marar zurfi da ɗan injin ban-ruwa, waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun daga 1993, suka maye gurbin jigo. Amma da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, sai injin ya koma yana cin ribar mai shi.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, a ba ƙungiyoyin manoma injin mai aiki da hasken rana bisa bashi, su biya bayan girbi. Rana dai ba mu rasa ta ba a Sakkwato. A raba shi a fili gaban jama'a, ba ta hannun 'yan barandan siyasa ba. Na biyu, a yashe Goronyo, a gyara hanyoyin ruwan Wurno, kuma kada a buɗe madatsa sai an yi shela a rediyo da masallatai. Na uku, iri mai saurin nuna ya iso ƙauye kafin ruwan shuka, ba bayan an yi noman farko ba. Na huɗu, a gina wa masu albasa ma'ajiya, don kada ruɓa ta tilasta musu karyar da ita da kaka. Na biyar, kuma shi ne uwa uba, a tsare rayuka. Mutumin Goronyo ko Sabon Birni da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, ina amfanin inji gare shi?

Ya ku 'yan'uwa manoma, ruwan sama na Allah ne, ba mai gardama. Amma ruwan da ke bayan madatsa, da kuɗin jama'a aka tare shi, kuma hannun mutane ke riƙe da mabuɗinsa. Duk wanda ya zo ƙofarku neman ƙuri'a, kada ku tsaya ga turmin atamfa da sabulu. Ku tambaye shi eka nawa zai kai wa ruwa, a wane gari, kuma yaushe. In ya yi ta kame-kame, kun san amsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.