Inda Matafiyi Zai Tsuke Hannu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai zuwa Jega daga Maiyama ko Aliero sai ya zauna ya yi lissafi kafin ya fito. A ganina, ƙananan abubuwan da ke biyo bayan kuɗin mota su suka fi rarake aljihu: ruwan leda, tsiren bakin tasha, cajin mai POS, da kabu-kabun da za ka hau sau biyu don ba ka san gari ba. Duk ana iya toshe waɗannan ƙofofi. Ƙullo guzurinka daga gida, ƙuli-ƙuli da gari ko fura a gora, ka riƙe canji a hannu, ka yi sammako ka juyo da wuri. Wanda ya kai yamma ranar Juma'a, kasuwar Jega na watsewa, abin da direba ya yanka shi zai biya. Mai kai majinyaci wurin masu ɗorin Aliero kuwa, ya fara neman ɗan'uwa ko mai masauki, tunda ɗori ba aikin yini guda ba ne. Tsimin da ban yarda da shi ba shi ne ɗarewa saman motar albasa don rarar 'yan nairori. Buhu ba shi da mariƙa, direba kuma lodinsa ya sani. A hanyar Jega zuwa Koko, birki ɗaya ya isa ya watso kowa ƙasa.