Hayar Gida a Katsina: A Rubuta, Kuma a Rubuta da Hausa

Tun da rashin tsaro ya koro jama'a daga Batsari, Jibiya da Safana zuwa birnin Katsina, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Abin takaici, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa, sau da yawa da fatar baki ake ƙulla haya, dillali kaɗai ne shaida. Ranar da mai gida ya ce a tashi, sai gardama ta kaure. Inda aka rubuta kuwa, da Turancin lauyoyi ne, ɗan haya ya rattaba hannu bai san abin da ya ɗaura wa kansa ba.

A 2011 Jihar Legas ta yi dokar da ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba shi rasit. Mu da aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi, me muke jira?

Ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya da Hausa, boko ko ajami, mai fayyace kuɗi, wa'adin tashi da wanda gyara ya rataya a wuyansa. Rigakafi ya fi magani.