Ƙaurar Tafintan Kwamfuta: Gyaran Kuskure Ma Nazari Ne

Kwamfuta ba ta jin harsunan da masu tsara manhaja ke rubutu da su, irin su C. A tsakani akwai wata manhaja, wato tafinta, mai juya rubutun zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Da yake kowane jinsin na'ura da irin nasa umarnin, duk sa'ad da aka ƙera sabon jinsi sai an yi wa tafintan ƙaura, kuma galibin wahalar ƙaurar tana wajen farautar kurakurai da warware matsalolin harhaɗawa. Sau da yawa akan yi wa wannan aiki kallon faci, a ware shi daga sahun nazari. Wannan kallo bai yi masa adalci ba.

A shekarar 1977 Dennis Ritchie da Stephen Johnson na cibiyar Bell Labs a Amurka suka shiga mayar da tsarin Unix daga na'urar PDP-11 mai bit 16 zuwa Interdata 8/32 mai bit 32, aikin da ya buƙaci tafintan C na sabuwar na'urar. Na'urorin biyu sun saɓa wajen jera bayit, wato rukunin bit 8, a ma'adana, saɓanin da kan sa kalmar UNIX ta fito a matsayin NUXI. Laifin yana ga rubutun da ya ɗauki ɗabi'ar na'ura ɗaya tamkar dokar duniya. Sabuwar na'ura tona shi kawai ta yi. Daga irin wannan gwagwarmaya Johnson ya samar da lint a 1978, manhajar da ke zaƙulo rubutun da ba zai jure ƙaura ba.

Harhaɗawa ita ma da nata sarƙaƙiyar, domin akan rubuta tafinta da harshen da shi kansa yake fassarawa. GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, yana gina kansa hawa uku: wani tafinta ya gina na farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku, sannan a kwatanta biyun ƙarshe. Idan suka saɓa, akwai kuskure a ɓoye, kuma sai mai gyara ya tantance ko a tafintan yake, ko a tsarin harhaɗawar, ko a muhallin na'urar.

Masu nazarin Hausa sun san wannan hanya sarai. Wanda ya tattaro kwafe-kwafen wata waƙar ajami, ya gwada su har ya gano inda alƙalamin mai kwafe ya zame, ba a musun cewa nazari ya yi, ko da bai kafa sabon ra'i ba. Mai gyaran tafinta ma hujja yake bi har zuwa tushen kuskure.

Haka kuma, lamarin ya shafi Hausa kai tsaye. Tsarin ASCII mai alamomi 128 ba ya ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, a UTF-8 kuwa kowannensu bayit 2 yake ci. Duk manhajar da ta ɗauka harafi ɗaya bayit ɗaya ne za ta yi tuntuɓe a kansu. GCC bai fara karɓar irin waɗannan haruffa kai tsaye a cikin sunayen da masu tsara manhaja ke raɗawa ba sai a fitowa ta 10, a 2020.

Saboda haka ya kyautu jami'o'i su riƙa lissafa gyaran da masu kula da tafinta suka tantance suka karɓa a cikin ayyukan da ake auna malami ko ɗalibi da su, domin ya bi ta hannun ƙwararru kamar yadda maƙala ke bi. Sharaɗin kawai shi ne a kai gyaran ga tushen manhajar tare da bayanin musabbabinsa. Facin da ya tsaya a kwamfutar mutum ɗaya kuwa, da fitowar sabon zubi yake ɓacewa.