Matashi, fara da kasafin ƙaramar hukumarku

Tun da Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25 a 2018, matasanmu suka zuba ido kan Abuja. Ni kuwa ina ganin makarantar mulki ta gaskiya tana sakatariyar ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. To, wa zai bi sawun kuɗin nan? Matashin da ya nemi kasafin ƙaramar hukumarsu, ya karanta shi layi-layi, ya taka har asibitin ƙauye ya duba ko rufin da aka rubuta an yi shi, wallahi shi nake son gani a majalisa gobe.